Ayari Ba Madugu: Zaɓen Hanya da Tsaron Saƙo Tsakanin Na'urorin Auna Ruwa a Fadamar Haɗejiya

Gabatarwa

Ruwan Kogin Haɗejiya na Kogin Kano ne da Kogin Calawa, waɗanda suka haɗu kafin Wudil, suka gangaro gabas ta ƙasar Ringim da Taura, suka ratsa yankin Harbo na ƙaramar hukumar Jahun, da Miga da Auyo, kafin su bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. A kan kogin farko akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a kan na biyun kuma madatsar Calawa ta 1992. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, cikar da aka gani a Wudil takan ɗauki kwanaki kafin ta iske manomin Auyo. A cikin waɗannan kwanaki ana iya kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi kan tudu, a ƙara buhunan ƙasa a jikin jinga. Amma fa sai labarin ya iso, kuma sai ya kasance gaskiya ne.

Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Jigawa, aka kuma yi ta ja-in-ja a kan ko ruwan madatsun ne ya jawo ta ko yawan ruwan sama. A 2022 mutane fiye da 600 suka rasu sanadiyyar ambaliya a faɗin Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hukumar NIHSA mai lura da al'amuran ruwa takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma hasashen shekara daban, sanin tsayin ruwa a bayan garinku yau da daddare daban. Wannan na biyun aikin ma'auni ne da ke tsaye a bakin kogi, da hanyar da za ta kai abin da ya auna kunnen mutane. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamansu wata irin sadarwa da aka tsara domin irin wannan aiki, da yadda saƙo ke gano hanyarsa a cikinta, da yadda ake kare shi daga maƙaryaci. Mai karatu zai ga cewa tururuwa ta riga mu fuskantar matsalolin duka biyu.

Raga mai turke da marar turke

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ba ta kiran 'yar'uwarta kai tsaye. Ko da mutum biyu suna zaune kan tabarma ɗaya, muryar mai kira sai ta je ƙarfen sabis, ta bi ta cibiyar kamfani, sa'an nan ta dawo. Tsari ne mai kyau matuƙar ƙarfen yana aiki. Idan ruwa ya yanke hanya har man janareta ya kasa isa wurinsa, ko aka rufe shi da gangan, kamar yadda aka yi a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, to dubban wayoyi masu cikakken caji sai su koma tocila.

Akwai wani tsari dabam wanda za mu kira raga marar turke. A cikinsa kowace na'ura tana aiki uku: tana aika nata saƙon, tana karɓar wanda aka aiko mata, tana kuma miƙa na wasu gaba. Mu kira kowace na'ura tasha, mu kira tsallaken saƙo daga tasha zuwa maƙwabciyarta zango, kamar zangon fatake. Sai dai wannan ayari ba shi da madugu. Babu tashar da aka danƙa wa sanin hanya duka. Kowace maƙwabtan da muryarta ke kaiwa gare su kaɗai take ji. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara ɗaukar nauyin bincike a kan wannan tsari tun 1973, domin a fagen fama babu mai kafa maka turke.

Da na'urori suka ƙanƙance sai aka haɗa rediyon da ma'auni, na zafi ko laima ko motsi ko tsayin ruwa. Ba don son kai ba, masana ilmin halittu suna cikin waɗanda suka fara cin moriyar abin. A 2002 da 2003 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka dasa irin waɗannan tashoshi a tsibirin Great Duck na jihar Maine a Amurka, cikin ramukan da wasu tsuntsayen teku ke yin ƙwai. Idan mai bincike ya yawaita zura hannu a ramin, tsuntsun yakan ƙaurace wa ƙwansa. Tasha kuwa tana zaune shiru tana aunawa. Ma'ajiyar aikin kowace tasha kilobayit 4 ce, wato abin da bai wuce shafi biyu ko uku na littafin rubutu ba.

Dalilin gajeren zango

Mu ƙaddara an jera tashoshi 80 a gefen kogi, mita 500 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kilomita 40 ke nan, a ƙarshensu kuma akwai babbar tasha mai lantarki da intanet a kan tudu, alal misali a garin Jahun. Ita za mu kira matattara. Ɗalibi zai tambaya, me zai hana kowace tasha ta ɗaga murya ta yi magana da matattara kai tsaye? Amsar tana cikin batir. A sarari fetal, idan aka ninka nisa biyu sai an ninka ƙarfin watsawa huɗu. Kusa da ƙasa kuwa, inda igiyar rediyo ke karo da doron ƙasa tana dawowa, ninkin yakan kai goma sha shida. Ke nan zango biyu na mita 500 suna iya cin kashi ɗaya bisa takwas kacal na ƙarfin da zango ɗaya na mita 1,000 zai ci wajen watsawa. Masana biyu, Pottie da Kaiser, sun ƙiyasta a 2000 cewa ƙarfin da ake kashewa a aika guntun saƙo mai bit 1,000 nisan mita 100 ya isa na'ura ta yi aikin lissafi sau miliyan uku. Saboda haka tasha takan yi barci mafi yawan lokaci, ta farka ta auna, ba ta buɗe baki sai da dalili.

Fadama kuma tana da nata hali. Ruwa yana shanye igiyar rediyo mai saurin kaɗawa, irin ta gigahaz 2.4 da ƙananan na'urori da yawa ke amfani da ita, ɗanyen ganye kuwa galibinsa ruwa ne. Kacalla, ciyawar nan da ta toshe magudanan dausayin Haɗejiya bayan da madatsun suka sa ruwa ya zauna rani da damina, takan fi mutum tsawo. Tashoshi biyu da ke jin juna sarai a watan Maris suna iya kurumcewa a watan Agusta alhali babu wadda ta gusa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsu.

Cigiyar hanya

Tunda hanyoyi suna buɗewa suna rufewa, tilas raga ta riƙa gano su da kanta. Dabara ta farko ita ce kowace tasha ta riƙe jadawalin hanyoyi, tana sabunta shi da maƙwabta a kai a kai. Tana da sauri, amma surutunta yana cin batir. Ta biyu ita ce kada a nemi hanya sai bukata ta taso, kuma mafi shaharar tsari a nan shi ne AODV, wanda Charles Perkins da Elizabeth Royer suka gabatar a 1999. Tasha mai saƙo sai ta yi cigiya: wa ya san hanyar matattara? Duk maƙwabciyar da ta ji sai ta rubuta daga bakin wa ta ji, ta ƙara ɗaya a kan lissafin zango, ta maimaita cigiyar sau ɗaya tak. Haka za ta yi ta yaɗuwa har ta kai ga matattara, ko ga tashar da ta riga ta san hanya. Amsa sai ta biyo sawun cigiyar da baya, kowace tasha tana miƙa wa wadda ta jiyo daga gare ta. Idan amsoshi sun yi yawa akan zaɓi mafi sabunta, wadda ake ganewa ta wata lamba da kullum ke ƙaruwa, sa'an nan mafi ƙarancin zango. Mai karatu ya riƙe waɗannan ma'aunai biyu, sabunta da gajarta, domin ta nan ɓarawo zai shigo.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli layin tururuwa tsakanin gidanta da masussuka ya ga wannan aiki da idonsa. Tururuwa ba ta da taswira, sarauniyarta kuma ba ta ba da umarni, aikinta ƙwai. Kowace mai ɗauko abinci takan bar wani sinadari mai ƙamshi a ƙasa, wanda ake kira feromon, 'yan'uwanta kuma sukan fi bin inda ƙamshin ya fi ƙarfi. A 1989 Goss da Deneubourg da abokan aikinsu a birnin Brussels suka ɗora gada mai rassa biyu, dogo da gajere, tsakanin gidan wasu ƙananan tururuwa da abincinsu. Waɗanda suka bi gajeren reshe suka riga dawowa, ƙamshi ya fi saurin taruwa a kansa, ba a jima ba kusan kowa ya koma can. Amma da aka bar su da dogon reshe kaɗai na ɗan lokaci, sa'an nan aka ƙaro gajeren, sai mafi yawansu suka ƙi sauyawa, tsohon ƙamshi ya ɗaure su. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne mantuwa tana da amfani. Marco Dorigo, wanda ya mai da wannan ɗabi'a dabarar lissafi a 1992, ya sa ƙamshin tururuwarsa ta cikin kwamfuta ya riƙa gushewa, kuma a 1998 shi da Gianni Di Caro suka yi amfani da ita wajen zaɓen hanyar saƙonni. A AODV ma, hanyar da aka daɗe ba a bi ba goge ta ake yi.

Bin sawu yana da wani hatsarin. A 1921 masanin halittu William Beebe ya ba da labarin wata rundunar dangin kwarkwasa a dajin Guyana wadda kanta ya cim ma wutsiyarta, ta yi ta zagaye da'ira mai kewayen kimanin mita 370, kowace tana bin ta gabanta, suna ta mutuwa don gajiya. Saƙo ma yakan faɗa irin wannan da'ira, tasha ta ɗaya ta miƙa wa ta biyu, ta biyu wa ta uku, ta uku ta mayar wa ta ɗaya. Maganinsa shi ne a rubuta wa kowane saƙo iyakar zangon da zai yi, idan ya cika a yar da shi.

A jerin tashoshinmu 80, wadda ke dab da matattara tana ɗauke da kayan 79, don haka batirinta ke fara mutuwa, ta kuma yanke kowa. Akan rage wannan ta hanyar dunƙule awo da yawa cikin saƙo ɗaya, ko shugabancin karɓa-karɓa tsakanin tashoshi, kamar tsarin LEACH da Wendi Heinzelman da malamanta suka fitar a MIT a 2000. Tun wajejen 2015 kuma rediyon LoRa, mai kai ɗan gajeren saƙo kilomita da dama da ƙarfi kaɗan, ya rage yawan zangon da ake bukata. Wata tashar ma tafiya take yi. A 2004 masu bincike daga Jami'ar Princeton suka ɗaura wa jakunan dawa tashoshi a wuya a Kenya, bisa tsarin cewa idan dabbobi biyu suka kusanci juna tashoshinsu za su yi musayar abin da suka tara, har ya faɗo hannun mai bincike da ke zagayawa a mota. A fadamarmu kwalekwalen masunci zai iya wannan aiki, amma ga labarin da ba na gaggawa ba.

Maƙaryaci a cikin ayari

Duk abin da aka bayyana a sama a kan yarda ya ginu. Tasha ba ta ganin bayan maƙwabciyarta, abin da aka gaya mata shi take ɗauka. Rediyo kuma ba shi da ƙyaure, duk mai eriya yana ji, yana iya sa baki. A 2003 Chris Karlof da David Wagner na Berkeley suka bi manyan tsare-tsaren zaɓen hanya na ragar ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, suka nuna yadda za a karya su, domin an tsara su ne ba tare da tunanin mugu ba.

Hari mafi sauƙi shi ne na baƙin rami. Muguwar tasha tana jin cigiya sai ta yi caraf ta amsa cewa ita ce mai sabuwar hanya, kuma zango ɗaya ne tsakaninta da matattara. Da yake ba ta tsaya neman komai ba, amsarta ke riga ta kowa. Saƙonni su kwararo mata, ta haɗiye. Wadda ta fi ta wayo takan bar labarin yau da kullum ya wuce don kada a zarge ta, ta riƙe guda ɗaya, mai cewa ruwa ya haura. Akwai kuma ɓarauniyar hanya, wadda Hu da Perrig da Johnson suka yi bayaninta a 2003: mugaye biyu a wurare masu nisa suna da tasu hanyar a ɓoye, suna ɗaukar cigiya daga nan su sake ta can, har tashoshin da ba su jin juna su zaci maƙwabta ne. Daga nan sai mugayen su yanke hanyar ranar da suka ga dama, kuma ba sai sun iya karanta saƙon ba.

Wani zai ce wa zai ɓata lokacinsa a kan ma'aunin ruwa? Ruwan kogin nan abin rabo ne tsakanin masu noman rani na Kadawa, da birnin Kano mai sha, da manoma da masunta da makiyayan da ke ƙasa har Yobe. Inda akwai rabo akwai gardama, alƙaluman ma'auni kuwa su ne shaida. Gargaɗin ƙarya ma yana da mai cin ribarsa. A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu mai wutsiya kamar almakashi da ke yi wa wasu dabbobi kukan gargaɗi idan shaho ya taho. Wani lokaci sai ya yi kukan alhali babu shaho, su watse, ya sauko ya ɗauke abincinsu. Tom Flower da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa idan dabbobin suka fara yin biris da kuka ɗaya, sai ya sauya wani. Garin da aka tasa da tsakar dare sau biyu a banza, da wuya ya tashi a karo na uku.

Katanga ta farko ita ce hatimi. Tashoshi biyu suna da wata lambar sirri, wato makulli, wadda ake cuɗa ta da saƙon a fitar da gajeren hatimi. Idan aka sauya ko da harafi ɗaya a hanya hatimin ba zai dace ba. Tururuwa ma haka take gane 'yar gida, ta ƙamshin maiƙon da ke jikin fatarta, wanda duk 'yan gida ɗaya suka yi tarayya a kansa. Ga kuma rauninsa: a Turai akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin shuɗi wanda tsutsarsa ke kwaikwayon wannan ƙamshi, tururuwa su ɗauke ta da kansu su kai gida, su yi ta ciyar da ita har su yi sakaci da nasu 'ya'yan. Ragar da ke da makulli ɗaya tal haka take. Wanda ya tumɓuke tasha guda daga bakin kogi ya karanto makullinta ya zama ɗan gida, da ɗan gari kuwa akan ci gari.

A 2002 Eschenauer da Gligor na Jami'ar Maryland suka kawo wata dabara. A tanadi makullai masu yawa, a ba kowace tasha 'yan kaɗan ta hanyar ƙuri'a. Idan makullan 10,000 ne, kowace tasha ta sami 100, lissafi ya nuna damar maƙwabta biyu su dace da makulli iri ɗaya ta haura kashi 60 cikin ɗari, waɗanda ba su dace ba kuma sai wata ta uku ta haɗa su. Ɓarawon tasha ɗaya kashi ɗaya cikin ɗari na makullan kawai ya samu. Kada a ɗauka wannan aiki mai sauƙi ne: a 2020 masu bincike a Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka nuna cewa Bridgefy, wata manhajar aika saƙo daga waya zuwa waya ba tare da sabis ba, a yadda take a lokacin ana iya karanta saƙonninta, a kuma yi sojan gona da sunan wani.

Hatimi yana tabbatar da wanda ya yi magana, amma bai tabbatar da gaskiyarsa ba. Saboda haka katanga ta biyu ita ce lura da hali. A 2000 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka ba da shawarar cewa bayan tasha ta miƙa saƙo, ta kasa kunne ta ji ko maƙwabciyar ta miƙa shi gaba. Wadda ta yawaita shiru a kauce mata. Wannan ya yi kama da aikin fararen ƙwayoyin jini, har da cutarsa, domin kamar yadda garkuwar jiki kan afka wa lafiyayyen sashe, haka ake iya ƙaurace wa tashar kirki wadda kacalla ce kawai ta tare muryarta. Ana kuma iya cewa ba za a tashi gari ba sai tashoshi uku sun yi shaida. John Douceur ya nuna a 2002 cewa inda babu mai tantance sunaye, mugu ɗaya yana iya naɗa rawani goma ya zama shaidu goma.

A ganina babban mai shaida a fadamar Haɗejiya shi ne kogin kansa. Ruwa gangarowa yake yi, kuma a hankali. Cikar da ta taho daga sama tilas ta bayyana a Ringim kafin Harbo, a Harbo kafin Auyo. Idan tasha ɗaya ta ce ruwa ya ƙaru da mita biyu cikin minti goma, alhali ta samanta da ta ƙasanta ba su ga komai ba, to a tuhumi tashar, a kuma tura mutum ya duba, domin fashewar jinga ma takan sauya ruwa a wuri ɗaya. Wanda zai yi ƙaryar da za ta karɓu sai ya mallaki tashoshi da yawa a jere, ya kuma san saurin kogin a wannan mako.

Duk da haka, abokan gabar da tashar bakin kogi za ta fi haɗuwa da su ba masana lissafi ba ne: mai sha'awar farantin sola da batir, da yaro mai gwafa, da saniya mai neman abin soshe jiki, da laka da tsawa. Tsarin zaɓen hanya zai iya kewaye tashar da ta mutu, amma ba zai mayar da ita ba. Wannan sai an danƙa kowace tasha a hannun mutanen da gonarsu ke bayanta, da sanin mai unguwa da sarkin ruwa, kuma gargaɗin ya riƙa zuwa musu da Hausa ta lasifikar gari a daidai lokacin da yake tafiya ofis a Dutse.

Gwaji a filin makaranta

Malami ya warwatsa ɗalibai goma sha biyar a fili, kowa ba ya magana sai da wanda ke cikin taku biyar daga gare shi. A zaɓi mai saƙo a wannan gefe, matattara a wancan, a yi cigiya da amsa kamar yadda aka bayyana, a ƙidaya zango. A zagaye na biyu malam ya raɗa wa ɗalibi ɗaya a asirce ya zama baƙin rami. A ba sauran minti goma su gano shi ba tare da kowa ya bar inda yake tsaye ba, sa'an nan a rubuta a allo mutum nawa aka zarga bisa kuskure kafin a kama shi.